Mako guda a Masar da jakar goyo: tambayoyin da matasan Kano ke yi

Fita ƙasar waje iri uku mutumin Kano ya sani: Hajji da Umara, sarin kaya a Dubai ko Caina, sai neman magani ko karatu. In ka ce kallo kawai za ka je, da 'yar jaka a bayanka, abin da za a fara tambayar ka a majalisa shi ne, "To me za ka samo?" Duk da haka akwai matasa da yawa da abin ke ransu, kuma tambayoyinsu kusan iri ɗaya ne. Ga su nan na tattaro. Masar na ɗauka don ita na sani, kuma ita ce ta fi kusa da aljihun ɗan Kano.

Wai mene ne yawon jakar goyon nan? Ba shi ne yawon buɗe ido ba?

Shi ne, amma na mai ƙaramin ƙarfi. Mai hali yana ba kamfani kuɗi, a tarbe shi da mota, a kai shi otal, a zagaya da shi, a dawo da shi filin jirgi. Ɗan jakar goyo shi ne direban kansa, shi ne ɗan jagoran kansa. Kayansa ba su wuce abin da zai shiga da shi cikin jirgi ba: kaya kala uku, silifas, caja, darduma mai naɗewa. Yana kwana a hostal, wato masauki mai gadaje hawa biyu inda mutum shida ko takwas ke ɗaki ɗaya, ya hau motar haya, ya ci abincin bakin titi. Jakar ma ba sai sabuwa ba, ta gwanjo a Ƙofar Wambai ta wadatar in zif ɗinta lafiya lau.

Me ya sa Masar? Ba gara Turkiyya ko Dubai ba?

Jirgin EgyptAir yana tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano kai tsaye zuwa Alƙahira, awa huɗu da wani abu. Ba sai ka bi ta Legas ba. Abinci halal ne ba sai ka tsaya tambaya ba, masallaci kuma ko'ina ka juya. Sannan rayuwa da sauƙi ga wanda ya shigo da dala, tun da a watan Maris na 2024 gwamnatinsu ta saki kuɗinsu, dala ɗaya ta tashi daga fam 31 zuwa kusan 50.

Amma babban dalilina ba wannan ba ne. Dubai gini ne da shaguna, in ba ka da kuɗin saye sai dai ka lashe baki. Alƙahira kuwa gari ne da muka daɗe da alaƙa da shi ko da ba mu taɓa taka shi ba. Tafsirin Jalalaini da ake ja a masallatanmu duk azumi, mutanen garin ne su biyu suka rubuta shi, Mahalli da Suyuɗi, kuma shi Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, har wasiƙar nasiha ya aiko wa sarakunan ƙasarmu, ciki har da na Katsina. Mansa Musa ya yada zango a can a 1324 a hanyarsa ta Makka. A Azhar akwai sashen da aka ware wa ɗaliban Barno tun zamanin da. Kana yawo a lungunan tsohon gari kana cin karo da sunayen da ka saba ji a bakin malamin zaure.

Waɗanne takardu ake buƙata?

Fasfo mai sauran aƙalla wata shida. Biza daga ofishin jakadancin Masar da ke Abuja, domin fasfon Najeriya ba ya cikin waɗanda ake buga wa biza a filin jirgi haka kawai, kuma tana iya ɗaukar makonni, saboda haka kada ka yanki tikitin da ba a sauya masa rana kafin ta fito. Sai katin rigakafin shawara, wanda ake kira yalo kati. Ka je a yi maka allurar da gaske a ba ka na gaske, kada ka yarda da wanda zai ce ka ba shi kuɗi ya kawo maka kati har gida.

Ka buga tikitin dawowa da shaidar masauki a takarda, ba a waya kaɗai ba. A wurin shige da fice, wanda ke riƙe da koren fasfo kuma ga shi matashi, ga jaka ɗaya tal, ya shirya wa tambayoyi: ina za ka sauka, kwana nawa, nawa ne a hannunka. Ana iya ajiye ka a gefe a gama da sauran fasinjoji. Ba faɗa ba ne. Ka zauna, ka amsa abin da aka tambaye ka, ka bar wanda ba a tambaya ba.

Kuɗi fa? Naira zan riƙe ko dala?

Naira ba ta da aiki a can. Ka sayi dala a Wapa, sababbin takardu marasa yagewa ko rubutu, ka haɗa da ƙanana. A can ka canza a banki ko shagon canji mai lasisi. Canjin bakin titi laifi ne a dokarsu, ba kamar yadda muka saba a Fagge ba.

Abin da ke kama mutane ba shiri shi ne manyan wuraren tarihi da yawa sun daina karɓar tsabar kuɗi a ƙofa, sai kati. Ka tsaya a layi cikin rana, ka iso gaba da famfamanka a hannu, a nuna maka na'ura. Saboda haka kafin ka bar Kano ka je bankinka ka tabbatar katinka yana aiki a waje, ka ji iyakar abin da za ka iya kashewa. Ka kuma sani farashi biyu ne kusan a ko'ina, na ɗan ƙasa da na baƙo, har a tikitin jirgin ƙasa, kuma tazarar ba kaɗan ba ce. Ɗalibi mai katin ɗalibai na duniya yana samun ragi, sau da yawa rabi.

Mako guda zai isa a ga wani abu?

Zai isa in ba a yi zari ba. Kwana huɗu a Alƙahira, ɗaya a Iskandariyya, sauran biyun ko dai a ƙara wa Alƙahira ko a yi ƙundunbala a gangara Luksor.

Ranar Giza, inda dalolin fir'aunoni suke, daban take, a yi sammako. Babbar dalar, ta sarki Khufu, ta kai shekara 4,500, tsayinta na asali mita 146, yanzu ya ragu zuwa kusan 139. Hoto ba ya nuna girmanta. Sai ka tsaya a gindinta ka ga dutse ɗaya na layin ƙasa ya kai maka ƙirji, sannan ka ɗaga kai har hularka ta nemi faɗuwa. Shiga cikinta tikiti ne daban. Hanya ce matsattsiya da za ka hau a sunkuye, ga zafi ga numfashin jama'a, in ka isa kuma ɗaki ne na dutse da akwatin gawa wayam. Ni dai in kuɗinka ƙididdigagge ne, ka bar shi.

Tsohon gari shi ya fi cancanta a ba shi lokaci. Masallacin Amru bin Asi a Fusɗaɗ, na farko a ƙasar, tun 642. Masallacin Ibn Ɗulun da aka gama a 879, mai hasumiyar da matakalarta ke zagaye da ita ta waje, inda za ka iya zama awa guda ba wanda ya ce maka kanzil. Azhar da aka buɗe a 972. Ganuwar Salahuddin da aka fara a 1176, wadda daga kanta ake hango garin gaba ɗaya. Hubbaren Imam Shafi'i. Sai titin Mu'izz da kasuwar Khan Khalili da magariba, lokacin da aka kunna fitilu. Duk wannan da ƙafa da jirgin ƙarƙashin ƙasa ake yinsa, wanda suka buɗe tun 1987, na farko a Afirka.

Iskandariyya tafiyar awa uku ce ko ƙasa da haka a jirgin ƙasa, ana zuwa a dawo a yini: ganuwar Ƙaitbai a bakin teku, sabon ɗakin karatun da aka buɗe a 2002, da masallacin Abul Abbas Mursi wanda kabarin Busiri, mai waƙar Burda, ke maƙwabtaka da shi. Luksor kuwa kwana ake yi a jirgi, awa goma ko fiye. Can ne haikalin Karnak yake, da kwarin da aka binne sarakuna, inda aka gano kabarin Tutankhamun a 1922. Abu biyu game da wannan jirgin. Na ɗaya, ka karanta tikitinka da kyau, domin tun da aka buɗe tashar Bashtil a Giza a 2024 ba kowane jirgin kudu ne ke tashi daga tashar Ramsis ba. Na biyu, sanyin na'urar cikinsa ba na wasa ba ne. Na ga ƙato ya kwana lulluɓe da dardumar sallarsa, haƙoransa na haɗuwa, a tsakiyar bazara.

An ce akwai 'yan damfara sosai. Gaskiya ne?

Ƙwace da makami ba shi ne abin tsoro a wuraren kallo ba, 'yan sanda na nan birjik. Da baki ake cin mutum, kuma mu 'yan Kano kunya ce ke kai mu ƙasa.

Ga yadda aka yi da wani abokin tafiyata a Giza. Wani dattijo mai jallabiya ya taro mu da fara'a, ya yi sallama cikakkiya, ya tambayi ƙasarmu. Da ya ji Najeriya sai ya dafa ƙirji, ya ce 'yan'uwa ne, Musulmi ne. Kafin a ankara ya naɗa wa abokina farin ƙyalle a ka, ya ce kyauta ce. Ya ce ya ɗan hau raƙumi a ɗauke shi hoto, a durƙushe, ba ko sisi. Abokina ya dube ni, ya dubi furfurar mutumin, ya hau. Dattijon ya yi wata 'yar ƙara da harshe, raƙumi ya miƙe, ƙafafun baya tukuna, abokina ya rungume doron sirdi yana salati. Yaro ya ja akala aka nausa cikin rairayi. Can nesa da mutane aka tsaya, aka ce hawa ne kyauta, sauka ɗari biyar. Da ya zaro famfamai sai dattijon ya girgiza kai, wai ba fam ɗin Masar yake nufi ba. Aka yi ta ja-in-ja, shi a sama su a ƙasa, kuma wanda ke sama ba shi da bakin ciniki.

Abin da ya fi ba ni mamaki, wannan abokin nawa ɗan Kantin Kwari ne. Mutumin da zai yi rabin awa yana taya yadi biyar, ya juya ya tafi sai an kira shi, shi ne ya kasa cewa a'a don an yi masa sallama da Larabci mai daɗi. Mun taso da girmama dattijo da girmama Balarabe, su kuma masu raƙuman sun san haka sarai.

Maganin abin a hannunka yake. Kada ka karɓi komai a hannu da sunan kyauta. Kada ka ba kowa tikitinka ko wayarka in ba ma'aikaci ne a bakin ƙofa ba. In kana son hawa, a yanke magana kana ƙasa: nawa, da wane kuɗi, minti nawa, har da dawowa da sauka, kuma biya sai ƙafarka ta taɓa ƙasa. In ba ka so, "la, shukran", wato a'a na gode, sau ɗaya, ka ci gaba da tafiya, kada ka tsaya bayani. Haka wanda zai tare ka a kusa da dandalin Tahrir ya ce gidan tarihi a rufe yake sai bayan azahar, ka zo ka ga shagon ƙaninsa na turare kafin nan. A buɗe yake.

Amma a bambanta wannan da bakshish, ɗan ihisanin da ake ba mai tsaron takalma a masallaci, mai share banɗaki, ko wanda ya buɗe maka ƙofar hasumiya. Wannan al'adarsu ce, albashin mutanen bai taka kara ya karya ba. Ka riƙa ajiye 'yan fam biyar da goma a aljihun gaba.

Da gaske ana ganin gawar Fir'auna?

Ana ganin gawarwakin fir'aunoni. A watan Afrilu na 2021 aka kwashe 22, sarakuna 18 da sarauniyoyi 4, daga tsohon gidan tarihi na Tahrir zuwa sabon gidan tarihin wayewar Masar da ke Fusɗaɗ. Galibinsu suna wani ɗaki mai duhu a ƙarƙashin ƙasa, kowanne cikin gilashi, kuma an hana ɗaukar hoto. Za ka ga Ramsis na Biyu da gashinsa da dogon hancinsa. Shi da ɗansa Merneptah ne aka fi cewa ɗayansu ne Fir'aunan Annabi Musa, amma ba a rubuta haka a jikin gilashin ba, kuma masana ba su haɗu a kan magana ɗaya ba. In ka dawo kada ka rantse wa mutane. Kayan Tutankhamun kuma suna Babban Gidan Tarihi na kusa da dalolin, wanda aka yi bikin buɗewa a watan Nuwamba na 2025.

Larabcin Islamiyya zai fitar da ni?

Za su gane ka, su yi murmushi, wani ma ya kira abokinsa ya zo ya ji mai magana kamar liman a kan mumbari. Kai ne ba za ka gane amsar ba, don Larabcin titi daban yake, ga sauri. Inda karatun allo zai yi maka rana shi ne lambobi. Lambar mota, farashin kaya, lambar taragu, duk da irin lambobin shafukan Alƙur'ani ake rubuta su. Baturen da ya kira Uber yana tsaye yana zare ido, ya kasa gane motarsa, don biyar ɗinsu kamar sifili take, sifilinsu kuma ɗigo ne. Kai kuwa kallo ɗaya.

Abinci fa? Ina tsoron cikina.

Ka nemi koshari: shinkafa, taliya, wani ɗan ƙaramin wake da suke kira adas, miyar tumatir da soyayyar albasa. Garau-garau ɗinsu ke nan, ga arha ga riƙe ciki. Da safe ful, wato dafaffen wake, da ta'amiyya, wato ƙosansu, da gurasa. Zoɓo suna da shi, karkade sunansa, ga ruwan rake ana matsewa a gabanka. Abincinsu ba yaji, ka tafi da naka a ƙulli.

Ciki kuwa yakan juya, galibi a kwana na biyu ko na uku. Ruwan gora kawai za ka sha, ka bar ƙanƙara da ɗanyen ganye, ka ci inda ka ga 'yan gari sun yi layi. Ka riƙe gishirin haɗi na gudawa. Kada ka sa tafiyar dogon jirgi a ranakun nan.

Ɗana ya dage sai ya tafi, ni kuma hankalina bai kwanta ba. Anya ba lalacewa ba ce?

Hajiya, damuwarku a kan hanya take. Hostal wuri ne da ake haɗuwa da kowane irin mutum, wasu da giyarsu, wasu ɗakunan ma maza da mata a haɗe. Amma ana zaɓar ɗakin maza zalla ko na mata zalla tun wurin kama wuri, kuma wanda ya ƙara kuɗi kaɗan zai samu ɗaki shi kaɗai. Ku sa ya ba ku sunan masaukin da lambarsa, ya sayi layin waya tun a filin jirgi, ya riƙa turo saƙo kullum da dare. In kun kira ta WhatsApp bai shiga ba kada hankalinku ya tashi, kiran yakan yi gardama a can, saƙo shi ne tabbas. Ku kuma nemi wani ɗalibin Azhar ɗan unguwa ko ɗan dangi, da wuya a rasa, a haɗa su. Sallah ba za ta gagare shi ba. Ya dai tuna a mazhabarmu wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a gari ɗaya ya daina ƙasaru.

In 'ya mace ce, gaskiya ita ce ana damun mata da magana a titunan Alƙahira, kuma baƙar fata, namiji ko mace, yakan ji ana jefo masa kalmar da ba ta da daɗi. Akwai taragun mata zalla a tsakiyar jirgin ƙarƙashin ƙasa. Tafiya cikin ayari ko da muharrami ta fi kwanciyar hankali, ma'aurata kuma su riƙe takardar aure, don wasu masaukai suna tambaya.

Mene ne zai iya jefa mutum hannun hukuma?

Saƙo. Duk wanda ya tare ka a filin jirgi ya ce ka kai wa ɗansa ɗalibi ƙunshi, ko dattijo ne ko mai hijabi har ƙasa, ka ba shi haƙuri. Mutanen Kano ba su manta da ɗalibar da aka tsare a Saudiyya a ƙarshen 2018 ba, saboda jakar ƙwaya da aka maƙala wa sunanta ba ta sani ba, sai a 2019 aka sako ta. In ba ka auna kaya ba, ka duba takardar shiga jirginka ka tabbatar ba a liƙa maka shaidar wata jaka ba.

Sai magani. Tramadol da danginsa babban laifi ne a Masar, a 2017 sun yanke wa wata 'yar Ingila shekara 3 a kansa. Duk maganin da kake sha ka bar shi a kwalinsa, tare da takardar likita. Kada ka shiga da jirgi maras matuƙi na ɗaukar hoto. Kada ka ɗauki hoton soja, ɗan sanda, shingen bincike ko ginin gwamnati. Kada ka hau jikin dala. Hirar siyasar ƙasarsu kuma ka bar musu, ko direba ne ya taso da ita.

In fasfo ya ɓace fa?

Ofishin 'yan sanda za ka fara zuwa a rubuta maka rahoto, lambar 'yan sandan masu yawon buɗe ido 126 ce. Da wannan rahoton za ka je ofishin jakadancin Najeriya a Alƙahira a ba ka takardar tafiya ta gaggawa. Hoton fasfo da na biza a waya da kuma a takarda, da 'yan hotunan fasfo biyu, su ne za su rage maka wahala. Ka tuna Juma'a da Asabar ne hutun ma'aikatun gwamnatinsu.

Sannan agogo. Masar tana gaban Najeriya da awa ɗaya lokacin sanyi, amma daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Oktoba awa biyu ce. Wanda ya bar agogon hannunsa a lokacin Kano, ya kuma raina cunkoson Alƙahira, zai iso filin jirgi ya tarar an rufe kanta.

To tsaraba? Ai ba a dawowa hannu rabbana.

Ita ce ke karya tsarin jaka ɗaya. Gwaggo na jiran abaya, Baba na jiran jallabiya, abokai na jiran turare. A Khan Khalili kallo za ka yi, farashin can na baƙi ne, in ka taya ka fara daga ƙasa da rabin abin da aka faɗa. Saye na gaske yana Ataba da Muski, inda 'yan gari ke sayayya, littattafai kuma a shagunan bayan Azhar. Ka bar sayayyar sai ranar ƙarshe, ka sayi jakar leda mai zif ka auna ta, tun da tikitinka yana da kilon da ba ka taɓa ba a zuwa. Turare da man habbatussauda a cikinta za su shiga, domin duk kwalbar ruwa da ta wuce mililita 100 ba za ta wuce wurin bincike a jakar goyo ba.